Dodo na Shida

Gummi, 12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga amaryata Rufaida, jikar taubashiyata Aisatu, a Anka.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lahiya, ke da Inna Ladidi da duk mai cin tuwo gidanku. Mu nan lahiya lau, in ban da gwiwar nan da kin sani, mai gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Kishiyarki Habsu na gaishe ki. Ta ce ta bar miki ni kyauta, ki zo ki ɗauka duk ranar da kinka samu mota.

Tun da anka ɗauke sabis na waya na koma ga abin da na iya tun ba a haifi uwarki ba, wato alƙalami da takarda. Bala direba ya yarda shi riƙa kai miki.

Ke kinka jefa ni cikin wasan dodannin nan. Bara waccan da na karye nake kwance, kinka zo suna, kinka sa mini shi a waya wai in rage zaman banza. To yau ga ni da shekara sittin da tara, ina cikin mutum uku da za su tsaya wa Gummi a gasar garuruwa uku da za a yi Bukkuyum ƙarshen Oktoba. Tun da wayoyi na haɗuwa da juna in suna kusa ko babu sabis, gasa na nan ba fashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami: Bala ya ce mini shugaban 'yan wasanku na Anka, wani Nazir, na son tashe ki daga kujerarki, wai wasanki na kunkuru ne, ba ki kai hari sai tarewa da jinya. Na yi dariya har Habsu ta leƙo. Yaran nan ba su taɓa zuwa shaɗi ba. Ni na je, ina saurayi, a wata ruga bayan Bukkuyum. Ba mai bulala ake wa guɗa ba. Wanda ya ɗaga hannu sama ya tsaya yana murmushi, shi ake wa.

Kada ki canza. Ki rubuto mini dodanninki shida in duba miki. Ki gaida Inna.

Kakanki, Badaru.

*

Anka, 16 ga Satumba

Kaka Badaru, angon da ba ya iya hawa babur,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, Inna na amsawa. Aiki dai na nan, kullum ɗaukar jinin yara ana aunawa. Ka gaya wa Inna Habsu na gode, amma ba na karɓar kayan da ya riga ya karye.

Bala bai yi ƙarya ba. Ranar Asabar bayan La'asar, a gidan kallon ƙwallo inda muke haɗuwa, Nazir ya tsayar da ni gaban kowa.

Ya ce, "Rufaida, wasanki na kashe kasuwa. Rannan Sulaiman ya tafi aski ya dawo, kina nan kina canza dodo."

Na ce, "Da ya dawo wa ya tarar ya ci?"

Ya ce, "Ba cin ba ne, kallo ne. Mutane na son su ga wuta."

Na ce, "To su je maƙera."

Aka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ga sharaɗin da ya kafa. Wasa biyu zan buga a Bukkuyum, ɗaya da ɗan Bukkuyum, ɗaya da ɗan Gummi. In na faɗi ko guda, kujerata ta zama ta abokinsa, ni kuma in koma 'yar kallo. Kaka, shekara biyu na yi ina tsaye bakin ƙofar ɗakin nan kafin su bar mace ta zauna. Ba zan tashi don wani ya gaji da kallo ba.

Ga dodannina, da sunayen da na sa musu. Suri na ƙasa ne, shi ke karɓar duk wani bugu na ƙarfi. Randa ta ruwa ce, ita ke shanye wuta, kuma tana iya mayar da rabin jininta. Uwar Maƙera ta ƙarfe ce, ba ta da sauri ko kaɗan amma kusan ba abin da ke huda ta. Sarƙaƙiya aikinta watsa ƙaya a filin abokin gaba, duk dodon da ya shigo sai ya taka. Guguwa kuwa ita ke hure duk wanda ya tsaya yana tara ƙarfi, ta mayar da shi waje ya sake daga farko.

Biyar ke nan. Na shida ban tsayar ba tukuna. Wasannina na yin tsawo don ƙaya kaɗai ke ci mini, ita kuma ana iya share ta.

Ka duba, amma kada ka kai wa 'yan Gummi sirrina, na san halin tsofaffi.

Jikarka, Rufaida.

*

Gummi, 21 ga Satumba

Amarya,

Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Muna lahiya. Gulbi ya cika ya taɓa shinkafar da ke ƙasa-ƙasa, amma bai kwashe ba.

Biyar ɗinki sun yi. Ko ni ba zan taɓa su ba, sai dai in ce ki ba Suri dabarar barci, shi kwanta shi tashi da jini cike. Amma ɗiyata, kin gina gida da katanga huɗu, kin manta murhu. Mai wasan kunkuru ba ya ci da tarewa kaɗai. Dahi, wato guba, shi ke ci mishi. Na shidanki shi zama mai dahi, irin wanda ke ƙaruwa kowane zagaye.

Ni uku daga cikin nawa ke ɗauke da shi, kin ga na ba ki sirrina kafin ki ce na saci naki. Kuma wallahi ba abin da ya kai shi daɗi a wasan nan. Ki sa mishi sau ɗaya ki koma gefe ki harɗe. Zagayen farko ba ya ma jin komi, yana ta tsalle-tsallensa. Na biyu ya ɗan rage. Kafin na shida ya fara layi, mai shi na ta danne-danne bai san ta inda abin ke cinsa ba. Ni har goro nake ɓarewa ina kallo.

Ki sa dahi ki huta, ki bar taurin kan da kinka gada wurin Aisatu.

Angonki, Badaru.

*

Gummi, 9 ga Oktoba

Rufaida,

Gaisuwa. Kwana goma sha takwas ba amsa. Na san an yi mako guda hanya ba ta biyuwa, amma Bala ya je Anka sau biyu bayan nan, ya ce ya ba ki hannu da hannu, kinka karɓa kinka shige gida.

Na zauna na yi lissahi irin na tsoho marar aiki. Ko dai Nazir ya ci ki da baki kin koma wasan wuta kina jin kunyar gaya mini, ko kuwa kin ɗauka da gaske ni ɗan leƙen asirin Gummi ne. In na farko ne, na sake ki saki ɗaya. In na biyu ne, ki sani yaran da nake wasa da su ba su ma jin shawarata, balle in kai musu taki.

Ko layi biyu ne ki rubuto, in san Inna Ladidi na lahiya.

Badaru.

*

Anka, 13 ga Oktoba

Kaka,

Inna na lafiya. Ni ma haka. Nazir bai ci ni da baki ba, kuma ban taɓa zarginka da gaske ba. Takardarka ce na kasa amsawa.

Ka ce zagayen farko ba ya jin komai, yana ta tsalle. Ka ce kafin na shida ya fara layi, mai shi bai san ta inda abin ke cinsa ba. Kaka, ka manta daga Abare muka taso? Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina da sha biyar lokacin. A tsakar gidanmu ake niƙa dutsen zinari, ƙurar na sauka kan tabarma, kan kwanon abinci, kan komai. Ƙanena Abdulhadi na da shekara uku. Haka ya yi, daidai yadda ka rubuta. Yana ta tsalle, sai ya rage, sai ya fara layi, Inna na ta jiƙa masa saiwa ba ta san gubar dalma ce ba. Kai ma ka zo gaisuwa, na tuna, da farar hula.

Na san wasan kaka da jika ne, na san kana da izinin ka ce mini komai in rama. Amma wannan ban samu abin ramawa ba.

Kuma na san wasa ne a waya, ba sai an gaya mini ba. Wasu su sa, ban hana kowa ba. Ni dai da safe ina riƙe hannun yaro ana auna yawan dalmar da ke jininsa, ba zan zauna da yamma ina danna wa wani guba ina jira ba. Ban taɓa sawa ba tun da na fara wasan nan. Shi ya sa wasana ke tsawo, ba don ban san da ita ba.

Na tsayar da na shida. Mai jinya ne. Yana da dabarar da ke wanke guba daga jikin tawaga duka, shi kansa kuma in aka janye shi daga fili warkewa yake. Ba ya kashe ko sauro. Nazir ya gani ya ce na haukace. Kai ma kana iya cewa haka. In kujerar ce za ta tafi, ta tafi ina tsaye da ƙafata.

Rufaida.

*

Gummi, 17 ga Oktoba

Ɗiyata Rufaida,

Na karanta a zaure. Na shiga ciki na karanta wa Habsu, ta dube ni ta ce, "Kai dai bakinka ya riga hankalinka tsuhwa." Gaskiya ta faɗa.

Na tuna yaron. Na tuna Inna Ladidi zaune bakin ƙofa da takalminsa ɗaya a hannu. Ban manta ba, amma ban haɗa ba, wannan kuwa ya hi mantuwa muni. Ki yahe mini. Allah shi jiƙan Abdulhadi, shi sa mai ceto ne.

Yanzu bari mu yi aiki, don haƙuri ba ya cin gasa.

Na kwana biyu ina juya tawagarki, sai na tuna aikina na da. Shekara talatin ina ban-ruwa a fadama. In ruwa ya zo da ƙarhi ba a tare shi da ƙirji. Buɗe mishi fangali ɗaya ake yi, kafin ya cika ya fasa a toshe a buɗe na gaba, haka haka har shi gaji shi kwanta. Ruwa na da iyaka, mai buɗewa da toshewa ba ya da ita.

Haka wasan nan. Kowane dodo dabara huɗu gare shi, kowace dabara da adadinta. In sun ƙare sai dodo shi kama dukan kansa har shi faɗi. Amma janye dodo a sa wani ba ya cin adadin kowa. Ke nan ba sai kin kashe ba. Ki bar mutum shi ƙarar da abin da ya zo da shi. Dahi sau sha shida ne ga kowane dodo, wankinki sau takwas kaɗai, don haka kada ki yi wanki sai uku sun kamu. Dahi ba ya kama ƙarhe: duk lokacin da kinka ji a jikinki za a jefo shi, ki tura Uwar Maƙera ta karɓa a banza. Ki riƙa ƙirgawa a takarda, kada ki yarda da ka.

Sai labari marar daɗi, ko mai daɗi, ban sani ba. Jiya an jefa ƙuri'a da marahen kwalba cikin hula. Wasanki na farko da Halliru na Bukkuyum ne, mai wuta da gaggawa, wannan ba na jin tsoro miki. Na biyu da ɗan Gummi ne. Ni ne.

Na yi tunanin in ce gwiwa ta hana ni zuwa. Na yi tunanin in cire dahin. Ki gaya mini abin da kike so.

Kakanki, Badaru.

*

Anka, 21 ga Oktoba

Kaka,

Na yafe, tun kafin ka roƙa ma, fushi ne kawai bai gama sauka ba.

In ka ce gwiwa, zan zo Gummi in ɗauko ka a baro. In ka cire guba ko ɗaya, ko na ga ka sassauta mini, Nazir zai ce kakana ne ya ba ni, kuma gaskiyarsa ke nan. Ka zo da ukunka cif. Sha shida sau uku, arba'in da takwas. Na riga na ja layi a takardar ƙirge.

Ka taho da goronka.

Amaryarka.

*

Gummi, 2 ga Nuwamba

Rufaida,

Mun iso lahiya, an fara yankan shinkafa. Habsu ta tsare ni sai na ba ta labari, ga yadda na ba ta. In na yi ƙarya ki gyara.

Na ce mata, an yi wani tsoho mai wayo da ya tahi Bukkuyum da goro biyar a aljihu. Ya tarar an share rumfa, an shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika har kan katanga. Da hantsi ya ga jikarsa ta zauna da Halliru. Halliru ya yi ta zuba wuta, Randa na sha, ya tara ƙarhi Guguwa ta hure, ya shigo ya taka ƙaya, ya fita ya dawo ya sake takawa. Zagaye saba'in ya aje waya ya ce, "Wannan ba wasa ba ne, zaman asibiti ne."

Bayan Azahar aka zaunar da tsoho gabanta. Ba ta ko gaishe shi da ido ba. Ta fito da wata takarda ta kihe a cinya, ta ɗora biro.

Tsoho ya jefa dahi, Uwar Maƙera ta shigo ta karɓa. Ya sake, ta sake. Ya ce bari in yi kamar zan jefa in fasa, sai ga Suri ya shigo ya kwanta barci abinsa. Da ƙyar ya kama Randa, ya kama Guguwa, ya kama Sarƙaƙiya, ya ɓare goro ya ce an gama. Sai ta turo na shida.

A nan na daina ba Habsu labari da muryar tatsuniya, don a nan na ga sunan da kinka sa mishi. Ba ki gaya mini ba. Harafi tara na sunan ƙanenki a saman allo, kan wani ɗan dodo fari mai manyan kunnuwa.

Rufaida, yatsana ya tsaya. Mutane sun ɗauka dabara nake tunani. Na ɗago na dube ki, kinka dube ni kamar yadda Aisatu ke duban mutum in ya fara maganar banza. Na tuna baron da kinka ce. Sai na danna.

Ya kamu. Ya wanke 'yan'uwansa, ya wanke kansa. Kinka janye shi. Na sake kama shi can gaba, kinka janye, ya dawo garau. Ban ƙirga ba, ke ce mai takarda. Abin da na sani, duk dannawa sai na ce astagfirullah a zuci, kuma ban tsallake ko ɗaya ba.

Aka kira La'asar muna zagaye na ɗari da talatin. Anka aje wayoyin biyu cikin hular alƙali, munka yi salla, munka dawo. Ba wanda ya tahi aski. Na ji Nazir ɗinku a bayana yana tambayar wani, "Saura nawa gare shi?" Kafin a ba shi amsa kinka ce, ba tare da kin ɗago ba, "Bakwai."

A zagaye na ɗari biyu da sha huɗu dodona na ƙarshe ya rasa abin jefawa, ya kama dukan kansa. Naki shida na tsaye, Randa da jini kamar zare, amma tsaye.

Habsu ta ce, "To kai mi ka samu?" Na ce goro ɗaya ya rage mini.

Ki rubuto mini abin da Nazir ya ce, don mota ta ɗauke ni ban ji ba.

Wanda aka kayar, Badaru.

*

Anka, 6 ga Nuwamba

Kaka,

Muna lafiya. Ba ka yi ƙarya ba sai wuri ɗaya: goro biyu ka ci, sauran ka manta da su a tabarma, na kwashe na kawo wa Inna.

Muna mota, mun wuce rabin hanya. Sai Nazir ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Har yanzu dai wasanki ba daɗin kallo." Na ce, "Shi ya sa ka tsaya a kaina awa uku?" Yau Asabar na je na tarar da kujerata inda na bar ta. Sulaiman ya matso yana tambaya wai yaya ake gane lokacin tura Uwar Maƙera. Na ce ya je Gummi ya koyi ban-ruwa.

Ga takardar da na kife a cinya, na sa maka a ciki. Taka ce, ta ashirin da ɗaya ga Satumba. A bayanta na yi ƙirgen. Arba'in da takwas, ba ka rage ko ɗaya ba, na gode. Waɗanda na zagaye da biro su ne suka sauka a kansa.

Inna ta ji mata na maganar gasar a gidan suna. Da na dawo daga aiki ta ce in nuna mata abin da nake yi a wayar nan da har ake faɗa. Na nuna mata su ɗaya ɗaya. Da muka zo kan na shida ta ce, "Wanga mai kunnuwa hwa, mi sunanshi?" Na gaya mata. Ta sa yatsa ta shafi allon. Na ce mata an sa masa guba a Bukkuyum. Ta ce, "Ya tashi?"

Na ce, "Sau goma sha ɗaya, Inna."

Ta miƙo mini wayar ta ce in je in ci abinci.

In an gama yankan shinkafa ka zo Anka. Ka zo da ukunka, ka ƙara na huɗu in kana so. Muna nan.

Jikarka, Rufaida.